An Ba Ka Takardar Sallama? Yadda Ake Kai Ƙorafi da Neman a Mayar da Mutum Bakin Aiki

Kusan duk mako sai wani ya tare ni da maganar nan, ko a bakin masallaci ko ta waya: "Malam, an ba ni takarda, yanzu ya zan yi?" Wani malamin makarantar kuɗi ne a cikin birnin Katsina, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da sunansa ya faɗo a tantancewa, wata ma'aikaciyar jinya ce daga Daura. Kusan dukansu kuma, kafin su iso wurina, sun riga sun shafe makonni suna zarya gidajen manya. Ban hana kamun ƙafa ba, a garin nan yana aiki, zan ma zo kansa a gaba. Sai dai ranar da kwamiti ya zauna, abin da ke cikin fayil za a karanta, ba abin da aka faɗa a zaure ba. Kwanakin da kake ɓatawa kuma doka tana ƙirga su. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Karɓi takardar, ka kama bakinka

Wasu suna ƙin karɓa, a zatonsu idan ba su karɓa ba korar ba ta tabbata ba. Ta tabbata, kai ne dai ka rasa shaidarka. Karɓa, ka sa hannu a kwafin ofis, ka rubuta kwanan watan ranar da ta zo hannunka da kanka. Sau da yawa kwanan watan da ke saman takarda ya girmi ranar da aka miƙa ta da mako biyu ko fiye, kuma wannan tazarar za ta yi maka amfani.

Idan da baki aka ce maka "kada ka sake zuwa", kamar yadda ake yi a shaguna da gidajen mai da ƙananan makarantu, nemi a rubuta maka. Aka ƙi, to kai ka rubuta gajeren saƙo ta waya cikin ladabi: ranar kaza an umarce ni da in daina zuwa aiki, ina neman a tabbatar mini a rubuce. Ajiye saƙon.

Hattara: kada ka yarda a zaunar da kai a ce ka rubuta takardar ajiye aiki "don a rufa maka asiri". Da zarar ka rubuta da hannunka, kai ka tafi, ba korarka aka yi ba, kuma tabbatar da cewa tilasta maka aka yi aiki ne ja. Haka nan kada ka hau Facebook a daren. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Na ga wanda maganarsa ta kusa gyaruwa, sai aka buga abin da ya rubuta aka soka a fayil ɗinsa.

2. Gane irin sallamar, ka gane irin aikinka

Sallama iri-iri ce. Akwai kora saboda babban laifi, wadda 'yan ofis ke ce wa dismisal: babu notis, tana ɓata suna, a aikin gwamnati kuma tana iya cinye haƙƙoƙin barin aiki. Akwai yanke kwantiragi da notis ko da kuɗin notis, wato tamineshan. Akwai rage ma'aikata, inda sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a kuma fara da wanda ya shigo daga baya, tare da duba ƙwazo da cancanta. Dakatarwa kuwa ba kora ba ce. Wanda aka dakatar har yanzu ma'aikaci ne, kada ya tattara ya tafi Legas neman kuɗi ba tare da barin adireshi ba.

Sashe na 11 na wannan doka ya faɗi mafi ƙarancin notis:

- wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, kwana 1;
- sama da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1;
- shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2;
- shekara 5 ko fiye, wata 1.

Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce. Idan takardar ɗaukarka ta ba da fiye da haka, abin da ta faɗa za a bi. Direban da ya yi shekara 6 yana karɓar naira 70,000, aka sallame shi yau ba laifi ba notis, yana bin aƙalla 70,000 ban da albashin kwanakin da ya yi a watan. Manyan ma'aikatan gudanarwa da ƙwararru kuwa ba su cikin ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka, nasu sharuɗɗan suna cikin kwantiraginsu.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi, ka karanta shi sau biyu. Idan aikinka doka ce ta kafa sharuɗɗansa, kamar tabbataccen ma'aikacin gwamnatin jiha ko ta tarayya, ko malamin jami'a irin ta Umaru Musa Yar'adua ko ta tarayya da ke Dutsinma, kotu tana iya soke korar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ta ce a mayar da kai, a biya ka albashinka na baya. Kotun Ƙoli ta tsayar da wannan tun a shari'ar Shitta-Bey a 1981 da ta Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Idan kuwa kamfani ne ko makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi, kotu ba ta cika tilasta wa mai wuri ya ci gaba da zama da wanda ba ya so ba, diyya take yankewa. Ke nan ma'aikacin kamfani da ke son komawa kujerarsa, hanyarsa lallami ce da sulhu. Kotu kuwa ta neman diyya ce.

3. Tara takardu kafin ƙofa ta rufe

A makon farko abokan aikinka suna jin tausayinka, za su taimaka. Bayan wata guda kowa tsoron kujerarsa yake. Nemo takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardun albashi ko bayanin asusunka na banki na wata shida, takardar tuhuma da muke ce wa kweri tare da amsar da ka bayar, takardar hutu ko ta izinin karatu, takardar asibiti idan ciwo ne ya hana ka zuwa, da littafin sharuɗɗan aiki na wurin. Wanda bai taɓa samun takardar ɗauka ba ya sani cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗa cikin wata 3 da fara aiki. Rashinta ba ya nufin ba ka yi aiki ba: katin shaida, saƙon shigar albashi da rajistar sa hannu duk shaida ne.

Yi kwafi uku na kowace takarda, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Idan matsalarka saɓanin suna ko ranar haihuwa ce, irin wadda tantancewa ke tonowa, je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa, ka haɗa da takardar makarantar firamare, don ita aka fi yarda da ita.

Hattara: ainihin takarda ba ta fita hannunka. Nuna ta, ka miƙa kwafi. Kuma kada ka kwashi takardun sirri na ofis don kare kanka, sabon laifi ne. Makulli, babur, kwamfuta ko kuɗin ofis da ke hannunka, mayar ka karɓi shaidar miƙawa.

4. Zaɓi ɗaya: roƙo ko ƙalubale

Nan mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle. Sai ka ga takarda ta fara da "ban aikata komai ba, zalunci ne", ta ƙare da "a yafe mini, ba zan sake ba". Mai karantawa zai ɗauki layin ƙarshe, ya ce ai ga shi ya amsa laifi.

Zauna da kanka, ka faɗa wa kanka gaskiya. Idan ka yi laifin, misali ka yi fashin aiki mako uku ba izini, to roƙo za ka yi: ka amsa abin da ka yi shi kaɗai, ka kawo uzurinka da shaida, ka tuna musu shekarun da ka yi ba tabo, ka nemi a sassauta hukunci zuwa gargaɗi, rage mataki ko canjin wurin aiki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Idan kuwa ba ka yi ba, ko an tsallake ƙa'ida, ƙalubale za ka yi, kuma waɗannan su ne tambayoyinsa. An ba ka kweri da ya faɗi laifin a fili? An ba ka lokacin amsawa? An kira ka gaban kwamiti, ka ga takardun da aka dogara da su? Wanda ya kai ƙararka yana cikin masu yanke hukuncin? Wanda ya sa hannu a korar yana da ikon kora a matakinka? Ga mata: sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya hana a ba mace notis ɗin sallama tana hutun haihuwa. Haka kuma dokar ta hana korar mutum don yana cikin ƙungiyar ƙwadago.

Hattara: idan zargin kuɗi ne ko wani abin da zai iya kaiwa ga 'yan sanda, kada ka rubuta kalma ɗaya ta amsa laifi sai lauya ya gani.

5. Rubuta takardar

Shafi ɗaya, idan ta yi yawa biyu. Ofisoshinmu da Turanci suke aiki, don haka ka fara tsara ta da Hausa yadda kake so, sannan wanda ya iya ya juya maka, a buga a shagon kwamfuta. Kafin ka sa hannu, sa a karanta maka a fassara, domin masu buga takarda suna da tsofaffin samfura da suke cusa wa kowa, cike da ban haƙurin da ba ka nema ba.

Tsarinta: sunanka, lambar fayil, mataki da wurin aiki, lambar waya. Sai taken da ya ambaci lambar takardar sallamar da kwanan watanta. Sakin layi na farko, yaushe aka ɗauke ka, me ka riƙe. Na biyu, abin da ya faru bi da bi da ranaku. Na uku, dalilanka, kowanne da lambarsa da takardar da ke goyon bayansa. Na ƙarshe, abin da kake nema a fili: a janye takarda mai lamba kaza, a mayar da ni matakina, a biya ni albashin da aka riƙe tun watan kaza. Ƙara buƙata ta biyu a ƙasa, cewa idan hakan bai yiwu ba a mayar da korar ta zama sallama ta lalama ko ritaya, a ba ka haƙƙoƙinka. Wannan layin yana ba kwamiti mafitar da ba za su ji kunya ba, kuma ya ceci fanshon mutane da dama.

Kada ka zagi kowa, kada ka ce wane ya tsane ka sai da shaida, kada ka kawo siyasa. Yawan iyali da tsadar masara a ambata a layi ɗaya, a takardar roƙo kawai.

6. Miƙa ta inda ya dace, ka karɓi hatimi

Takarda tana zuwa ga hukumar da ke da ikon ɗauka da kora, amma ta hannun shugabanka. Ma'aikacin jiha yana rubuta wa Hukumar Kula da Ma'aikata ta hannun babban sakataren ma'aikatarsa, ya aika kwafi ofishin Shugaban Ma'aikata. Na ƙaramar hukuma, ko a Daura yake ko Funtua ko sauran 32 ɗin, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi zai nufa ta hannun ƙaramar hukumarsa. Malamin firamare ya bi ta sakataren ilimi zuwa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Na jami'a ko kwaleji, majalisar gudanarwa ta hannun rajistara. A kamfani kuwa shugaban kamfani ko mai makarantar, kwafi ga sashen ma'aikata. Soja da ɗan sanda nasu tsarin daban ne.

Duba littafin sharuɗɗan aiki ka ga ko an sa wa'adin ɗaukaka ƙorafi. Ko ba a sa ba, kada ka wuce mako biyu. Kai ta da ƙafarka ofishin karɓar wasiƙu, a buga hatimi da kwanan wata da sa hannu a kwafinka. Idan aka ƙi karɓa, ko kana tsoron za a danne ta a tebur, aika ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin kai saƙo, ka ajiye rasit, ka kuma aika kwafi kai tsaye ga hukumar da ke sama. Mutumin Daura ya ware kuɗin mota zuwa Katsina aƙalla sau uku, tafiyar kusan kilomita 80 ce, kuma da wuya abu ya ƙare a zuwa ɗaya. Miƙa ƙorafi kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu "don fayil ya motsa", ka san aljihunsa za ta.

Hattara: idan kuɗin sallama suka faɗo asusunka, kada ka yi shiru ka ci. Kotuna sun sha ɗaukar karɓar kuɗin notis ba tare da ƙorafi ba a matsayin yarda da sallamar. Rubuta nan take cewa ka ga kuɗin, amma ba ka amince da sallamar ba. Takardar da ke cewa "ba na bin komai" kuma kada ka sa mata hannu sai ka yanke shawarar haƙura.

7. Yanzu ne lokacin ƙungiya da dattawa

Da kwafi mai hatimi a hannu, je ofishin ƙungiyarka: NUT ga malamai, NULGE ga 'yan ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da na jinya, ko reshen jiha na NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa. Kuɗin da ake cira a albashinka duk wata don irin wannan ranar ne. Nemi su rubuta takardar goyon baya, kada ka tsaya a "za mu duba".

Dattijo kuwa a zaɓi wanda mai wurin ke jin nauyinsa, ba wanda zai je ya nuna iko ba. Mutum ɗaya ya isa. Wani maƙwabcina da aka sallama daga wata makarantar kuɗi ya tura mutum biyar cikin kwana goma, har da ɗan siyasa, mai makarantar ya ji kamar taron dangi ake yi masa, ya kafe. Wata huɗu aka yi ana abu ɗaya, kuma duk tsawon lokacin ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Abin da ake so dattijo ya faɗa kaɗan ne: "Alhaji, yaron nan ɗanka ne, ya rubuto maka takarda tun ranar Litinin. Don Allah a duba ta da idon rahama." Shi ke nan. Alhaji ya samu abin da zai dogara da shi idan ya tashi janye hukunci, girmansa bai zube ba.

8. Ranar zaman kwamiti

Je da wuri, da fayil ɗinka a jere. Tambaya tun kafin ranar ko an yarda ka zo da wakilin ƙungiya. Ka gaida shugaban zama da "ranka ya daɗe", ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Abin da ba ka tuna ba ka ce sai ka duba takarda, kada ka yi kame-kame. Idan aka karanto wata shaida da ba ka taɓa gani ba, nemi a ba ka kwafi da lokaci. Da ka fito, rubuta sunayen muƙaman da suka zauna da abin da aka tambaye ka, tun kana tunawa.

9. Idan aka yi maka shiru

Bayan mako uku aika takardar tuni, ita ma da hatimi. Daga nan akwai ƙofa biyu da ba a biyan ko kwabo. Ta farko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a kowace jiha, tana kuma binciken hukumomin gwamnati da kamfanoni masu rajista. Sharuɗɗanta: ka fara bin hanyar cikin gida, maganar ba ta gaban kotu, kuma ba ta wuce wata 12 ba. Shawara take bayarwa ba hukunci ba, amma wasiƙarta tana tayar da fayil ɗin da ya yi barci. Ta biyu ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha, inda jami'in ƙwadago ke kiran ɓangarorin biyu sulhu. Ga ma'aikacin kamfani da ke bin albashi da kuɗin notis, nan ya fi sauri.

10. Kotu, da agogon wata uku

Shari'ar aiki ba ta kotun majistare ba ce, ba ta kotun shari'ar Musulunci ba, ba ma ta babbar kotun jiha ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai wannan hurumi a sashe na 254C. Tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu birane, tana kuma da cibiyar sulhu tata. Ɗaukaka ƙara daga gare ta yana tsayawa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Hattara babba ga ma'aikacin gwamnati: akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3. Hukunce-hukunce sun saɓa a kan ko ta shafi maganar aiki, amma lauyan gwamnati ita zai fara ɗagawa, kuma jiran amsar ƙorafinka ba lalle ya tsayar da ƙirgen ba. Hukumomi da yawa kuma dokarsu ta ce sai an ba su notis, galibi na wata guda, kafin a kai su kotu. Lissafa da kanka: idan wata na biyu ya kama ba amsa, ga lauya a makon. Nemi wanda ya saba da Kotun Ma'aikata, ku rubuta yarjejeniyar kuɗinsa, ka tambaye shi wa zai ɗauki kuɗin motar Kano a kowane zama, domin ɗage shari'a ne ke cin aljihu fiye da kuɗin shigar da ƙara. Wanda abin da yake bi bai wuce albashin wata biyu ba, ni dai ban ga ribar zuwansa kotu ba, ya tsaya a mataki na 9.

11. Idan an ce ka dawo, ko an ce a'a

Kada ka koma da maganar baki. Karɓi takarda, ka duba kalmominta. Mayarwa daban, sabuwar ɗauka daban. Wanda aka mayar, shekarunsa na baya suna nan, matakinsa yana nan, yana da bakin neman albashin da aka riƙe. Wanda aka sake ɗauka sabo kuwa daga farko zai fara ƙirga, abin da zai taɓa garatutinsa da ƙarin girmansa. Idan sabuwar ɗaukar ce kaɗai ake bayarwa kuma kana buƙata, karɓa, amma ka nemi a rubuta matsayin shekarun baya. Ranar da ka koma, rubuta takardar kama aiki, ka bi sashen albashi har sunanka ya koma, don wannan kan ɗauki wata ɗaya ko biyu idan ba a bi ba.

Idan amsar a'a ce, nemi takardar shaidar aiki marar tabo da lissafin haƙƙoƙinka a rubuce. Mai asusun fansho a kamfanin fansho kuma ya sani cewa Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai samu wani ba, damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Za su nemi takardar sallamar nan da ka karɓa a mataki na farko, da katin shaida da bayanin asusun banki. Kafin ka cika fom, karɓi bayanin asusun fanshon ka duba ko wurin aikin ya zuba kasonsa na kashi 10 da naka na kashi 8 har watan ƙarshe. Idan akwai giɓi, rubuta musu, ka aika kwafi ga PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.